Daga Dandali Zuwa Tafin Hannu: Waiwaye Kan Wasan Yara a Ƙasar Ƙanƙara

Duk majalisar da mutum ya zauna a Ƙetare, ko Ƙanƙara, ko Faskari, in dai hira ta biyo ta kan yaran yanzu, ba a jimawa wani dattijo zai yanke hukunci: waya ce ta cinye su. Sai a gyaɗa kai, a koma maganar tsadar taki. Hukuncin ba ƙarya ba ne, sai dai ya ɗora wa wayar laifin da ba nata ba ne ita kaɗai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tun kafin wayar ta iso hannun yaro har zuwa yau an kwashe shekaru da dama ana gutsurar filin wasansa da lokacin wasansa, wani da kyakkyawar niyya, wani da bakin bindiga.

Sai an tuna yadda dandali yake kafin a san abin da aka rasa. Fili ne a tsakiyar gari ko a bakin unguwa, galibi kusa da ƙofar gidan dagaci ko mai unguwa, babu mai cewa nasa ne, babu kuma mai gini a kai. Yana da lokacinsa. Da damina yakan yi sanyi, don yaron da ya yini a gona ba shi da sauran ƙarfin tsalle. Idan kaka ta yi, aka kai gero da dawa rumbu, aka tsince auduga, sai ya farfaɗo, musamman a dararen farin wata, daga bayan lisha har dare ya raba. 'Yan mata su yi da'ira suna gaɗa, tafi da waƙa, ɗaya ta faɗo da baya sauran su cafe ta su cilla. Maza na gefe suna langa, kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗayar, ana ture juna. Ƙanana na ɓuya da a-sha-ruwan-tsuntsaye, masu ji da ƙarfi na kokawa a rairayi. Wanda sanyi ya koro gida kuma ga kaka a ɗaki da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi.

Da rana wasan na da wani fasali. 'Yar carafke da 'yar gala-gala da ɗaurin auren 'yar tsana na mata ne. Maza su fere kara su ƙera mota, su buga gwangwani su yi mata taya, su ɗaura danƙo a gwafa su shiga bayan gari. Wannan bayan garin shi ne rabin makarantar yaron ƙauye, ko da yake ba wanda ya taɓa kiran sa makaranta. A can yake sanin lokacin kanya da na magarya, ya bambance ɗinya da aduwa tun daga nesa, ya san ramin gafiya da wanda maciji ya gada, ya koyi iyo a rafi bayan ya sha ruwa ya sha bulala. Kamun fara da sanyin safiya, kiwon awaki, ɗebo itace: aiki ne da wasa a cuɗe, ba a san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya soma ba.

Abin da masu begen da ke yawan mantawa shi ne dandali ba sakaka yake ba. Akwai sarkin samari, akwai manyan 'yan mata masu tsawatarwa, akwai tsofaffin da ke kishingiɗe a ƙofar gida kamar ba sa gani, alhali sun san ɗan wa ya zo, 'yar wa ta daɗe. Duk babban da ya ga yaro na ɓarna zai hukunta shi nan take, uban yaron kuma godiya zai yi. Hatta tashe, da ake farawa in azumi ya kai goma, yara su zagaya gida-gida da Jatau Mai Magani ko Tsoho Da Gemu, yana yiwuwa ne don ƙofofi a buɗe suke, kuma uwa ba ta fargabar ɗanta ya yi dare a unguwar da ba tasu ba. Gari ne gaba ɗaya ya ɗauki nauyin wasan.

Kada kuma a ɗauka amincin nan gado ne tun fil'azal. A ƙarni na 19 mahara daga Maraɗi sun sha ratso daji su faɗa wa kudancin Katsina da arewacin Zazzau, shi ya sa garuruwa suka yi ganuwa, mutanen ƙauye kuma suka saba gudu cikinta in an ji kuwwa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta a Giwa da Zariya tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954, ta tashi ne a yankin Zarewa, ba nisa can da ƙasar Malumfashi da Funtuwa. Ta ba da labarin wasanni da rawar 'yan mata na ƙuruciyarta, a cikin labarin nan kuma ta faɗi yadda mahara suka kama danginta, aka yi ta tara wuri ana fanso su. Mai karanta wannan a Ƙanƙara yau ba ya bukatar a yi masa sharhi. Zamanin da yaro zai yi nisa cikin daji shi kaɗai, ya dawo da yamma da aljihu cike da magarya, tsakanin zuwan Turawa ne da farkon wannan ƙarnin, shekara ɗari da 'yan kai. Kakanninmu da iyayenmu a cikinsa suka rayu, shi ya sa suka zaci haka duniya take.

Allon farko da yaran yankin suka gani bai raba su da dandali ba, a dandalin ma aka kafa shi. Majigi ke nan. Tun zamanin Turawa har zuwa gwamnatin Sardauna, motar ma'aikatar yaɗa labarai kan zagaya gundumomi, ta sauka a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, a ɗaure farin ƙyalle, a tayar da inji bayan magariba. Mai bayani na gefe da lasifika yana faɗa wa jama'a abin da suke gani da Hausa, yana ƙara gishirinsa. Tsafta ake nunawa, da rigakafi, da rangadin shugabanni, da noman zamani. Kudancin Katsina ƙasar auduga ce, ga injinan gurza na kamfanin BCGA a Funtuwa da Malumfashi, don haka fim irin Baban Larai, da aka shirya don jawo hankalin manoma ga sababbin dabaru, kamar da mutanen nan yake magana. Majigi jefi-jefi yake zuwa. In ya tafi, sai ya bar wa yara abin kwaikwayo na makonni: a yanka kwali a yi mutum-mutumi, a rataya tsumma, a kunna fitila a bayansa, wani ya zama mai bayani. Kallon ya koma wasa.

Rediyo ma bai yi wa dandali illa ba. Sashen Hausa na BBC ya soma a 1957, gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, amma rediyo kunne kawai yake so, kuma kayan manya ne. Talabijin ɗin ce ta daɗe ba ta iso ƙauye ba, saboda rashin lantarki. Da ta iso, a shekarun 1970 da 1980, baƙi da fari ce a gidan wani alhaji ko ma'aikacin gwamnati, ana jona ta da batirin mota ko ƙaramin inji. Mai gidan kirki ya fito da ita ƙofar gida, yara su zube a ƙasa suna kallon Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, ko Karkuzu, ko Ƙasimu Yero. Tashar da kanta take yi wa kallon iyaka: sai yamma take buɗewa, shirin Hausa ɗan kaɗan ne, dare na yi a sa taken ƙasa a rufe. Ba uban da ya taɓa zama yana lissafin awa nawa ɗansa ya yi a gaban akwatin.

Wanda ya fara cin lokacin wasa da gaske ba allon kallo ba ne, allon aji ne. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE, makarantu suka bazu har ƙauyukan da ba su taɓa ganin malamin boko ba. Safiya ta tafi. Ba a jima ba makarantun Islamiyya suka yawaita, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 da gasar buɗe makarantu da ta biyo baya tsakaninta da 'yan ɗariƙa. Yammaci ya tafi. Makarantar allo tana nan da nata lokacin na asuba da na dare. Wa'azi kuma ya taso wa wasan dare kai tsaye, saboda cakuɗuwar maza da mata, da kiɗa, da tsarance, kuma duk mai adalci ya san akwai abin gyara a wurin. Ba ina cewa a mayar da hannun agogo ba. 'Yar da ta sauke Alƙur'ani ta kuma iya karanta takardar asibiti ta fi kakarta sa'a ta fuskoki da yawa. Amma an rushe dandalin dare ba a gina wa yaran komai a madadinsa ba, aka bar su da tazarar da ke tsakanin tashi daga wannan makaranta da shiga waccan.

Filin ma ya soma tsukewa. Jihar Katsina ta samu a 1987, garuruwa suka cika suka batse, ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Ƙanƙara mutum sama da 240,000. Filin da a da ba mai kallon sa sai ya zama fuloti, ko shago, ko gareji. Saurar da yara ke kiwo a cikinta ta zama gonar masara.

A wannan hali bidiyo ya tarar da mu. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, kafin shekarun su ƙare kaset ɗin Hausa ya cika kasuwa, Sangaya ta sa har 'yan matan ƙauye sun haddace waƙoƙin fim, marigayi Rabilu Musa Ibro kuma ya zama ɗan gida a kowane gari. Gidan kallo ya bayyana: rumfar zana ko ta kwano, benci, janareto na ƙugi a baya, yaro ya biya 'yan canjinsa ya shiga ya ga Indiya ko Canis. A nan ne aka fara sayar wa yaro kallo, aka kuma fara jin iyaye na ƙorafin an taɓa musu kuɗin cefane. Duk da haka kallon taro ne. Mai gidan kallo ya san yaran, in lokacin salla ya yi zai kashe, in uba ya leƙo zai nuna masa inda ɗansa yake.

Gidan kallon nan ya yi wani abu da ba a cika yaba masa ba: shi ya haifar da wasan fili mafi ƙarfi da yaran karkara ke yi yau. Bayan Najeriya ta ci zinare a ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, Nwankwo Kanu kuma ya koma Arsenal a 1999, sai tauraron ɗan'adam ya kawo ƙwallon Ingila har cikin rumfar zana. Yaron da ya kalla ranar Asabar, ranar Lahadi yana fili da ƙwallon leda ko ta tsumma, ya laƙaba wa kansa sunan ɗan wasa. Ƙwallo ta kori langa, ba shakka. Abin dariya shi ne langar ba ta mutu ba, ta dai ƙaura: yanzu ana yin ta a gasar wasanni ta ƙasa tare da dambe da kokawa, da alƙalin wasa da lambar yabo, yayin da yaran garuruwan da aka san ta a cikinsu ba kowa ya iya dokokinta ba.

A watan Agusta na 2001 kamfanonin Econet da MTN suka fara wayar salula a Najeriya. Layi a lokacin ya fi ƙarfin talaka, sabis kuma sai birni. Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa, farashi ya faɗo, dogayen ƙarafan sabis suka yi ta tsirowa a bakin hanyoyi har suka iso ƙananan garuruwa. Amma ba kira ne ya kama yara ba, memori ne. Da ƙananan wayoyin Chaina masu ɗaukar bidiyo suka yi araha, irin su Tecno da itel, sai sana'ar caji da turi ta kafu a kowace tasha da bakin kasuwa: matashi da kwamfuta da janareto, ka ba shi waya ya cika maka ita da fim da waƙa da wa'azi a kan kuɗi ƙalilan. Fassarar fina-finan Indiya zuwa Hausa, irin ta Algaita, ta kawar da shingen harshe. Arewa24 ta zo a 2014 da Daɗin Kowa, daga baya dogon zango irin Labarina da Izzar So suka saba wa mutane da jiran kashi na gaba. Sai TikTok, wanda ba shi da kashi na ƙarshe.

A lura da abin da ya faru da allon kansa. Na majigi gari guda ke kallon sa. Na talabijin unguwa guda. Na gidan kallo masu kuɗin shiga. Na waya, a ƙauye, har yanzu za ka ga kawuna shida ko bakwai sun haɗu a kansa a gindin bishiya, don yawancin yaran nan ba su da tasu, ta uwa ce ko ta yaya. Amma alƙiblar a bayyane take: kallon na tafiya ne zuwa ga yaro ɗaya, cikin ɗaki, ba babban da ya san abin da ke gaban idonsa. A ganina wannan ya fi yawan awanni muhimmanci.

Wayar ta kuma rage wata fita da ba a lissafa ta cikin wasa. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa ta buga littafinta a 1972, da Enid Schildkrout da ta yi nata a Kano a shekarun 1970, duk sun nuna yadda cinikin matan kulle ya dogara ga yara: su ne masu talla, su ne 'yan aike, su ne masu kai labari daga gida zuwa gida. Aike ɗaya yakan zama zagayen rabin gari, da tsayawa kallon maƙera, da 'yar tsere da abokai. Yau gaisuwar mai jego da tambayar farashin manja duk a waya ake yi. Talla dai tana nan, talauci bai bar ta ta mutu ba.

Duk wannan a hankali ya zo, irin sauyin da kowace ƙasa ta gani. Wanda ya zo da ƙarfi shi ne na daji. Satar shanu da ta yi ƙamari a Zamfara ta tsallako, dajin Rugu da dazukan kan iyaka suka zama mafakar 'yan bindiga. A watan Maris na 2014 aka kashe mutane masu yawa a ƙauyukan Faskari da Sabuwa. Gwamna Aminu Bello Masari ya gwada sulhu har sau biyu, na biyun a 2019, duka suka wargaje. Satar shanu ta koma satar mutane don kuɗin fansa. Bayan garin da yaro ke zuwa cin kanya ya zama wurin da babba ma ke shiga da addu'a. Farin wata, da a da shi ke kiran yara waje, ya daina kiran kowa. Ƙauyuka suka watse, iyalai suka cunkushe a gidajen dangi a cikin Ƙanƙara da Funtuwa da Malumfashi, ɗaki ɗaya mutum goma, tsakar gida ba wurin shimfiɗa tabarma balle guje-guje.

Shekarar 2020 ta haɗa wa yaran yankin biyu. A watan Maris annobar korona ta sa aka rufe makarantu na watanni. Ba a daɗe da komawa ba, a daren 11 ga Disamba, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗalibai cikin daji, Shugaba Buhari na Daura a lokacin. Ranar 17 ga watan aka sako yara 344. Gwamnati ta rufe makarantun kwana. Daga ranar, uwar da ta ce wa ɗanta ya zauna a ɗaki ya kalli fim ba sakaci take yi ba. Ta auna ne ta ga allon ya fi ƙofar gida aminci, kuma ba wanda ya isa ya ce mata ta yi kuskure.

Sai ga 2021, da gwamnati ta yi, ba da niyya ba, gwajin da masu cewa waya ce matsala suka daɗe suna fata. A ƙarshen Agusta aka kafa doka ta musamman kan tsaro: aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, aka hana sayar da fetur a jarka. Aka hana shagunan cajin waya a ƙananan hukumomin da abin ya shafa. A watan Satumba aka katse sabis ɗungurungum a ƙananan hukumomi 13, da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a ciki, aka ɗauki watanni a haka. Mutane na yin tafiya mai nisa don kiran minti biyu. Da a ce waya ce kaɗai ta kashe dandali, da a wannan kakar ya tashi. Ina zai tashi? Dalilin da ya sa aka kashe sabis shi ne dai dalilin da ya sa ake kulle yara tun magariba. Fim ɗin da ke cikin memori kuma bai san an katse komai ba. In dai akwai ɗan faifan sola a kan rufi, kallo na nan.

A daidai wannan lokacin, ƙarshen Agustan 2021, gwamnatin Chaina ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan gem na intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi. Majalisar Ostireliya ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da 16 shiga shafukan sada zumunta a Nuwamban 2024. Hukumar Lafiya ta Duniya tun a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, sannan ya samu aƙalla awa uku na motsa jiki. Ga 'yan shekara 5 zuwa 17, shawararta ta 2020 ita ce awa ɗaya a kullum ta motsin da ke sa haki. Akwai ma batun ido. A ƙasashen gabashin Asiya, inda rashin hangen nesa ya yi wa ɗalibai katutu, an gano cewa zama a hasken rana na rage shi. Taiwan ta sa makarantunta fitar da yara waje minti 120 a kullum tun daga 2010.

Shawarwarin nan na da amfani, musamman wadda ta shafi jarirai, don miƙa wa ɗan goye waya ya yi shiru ya zama ruwan dare har a ƙauye, kuma yaro a bakin mutane yake koyon magana. Sai dai an rubuta su ne da yaron da ke zaune a bene a zuci, wanda mota ke kai shi makaranta ta dawo da shi. Yaron Ƙetare ba rana ya rasa ba, ba kuma motsa jiki ba. Wanda ya ɗebo ruwa, ya yi shara, ya bi babansa gonar kusa da gari, ko ya yini da farantin talla a ka, ya cika awa ɗayar hukumar ya ninka. Abin da ya rasa wasa ne: lokacin da ba aiki ba, ba karatu ba, wanda yara ke kafa dokarsu da kansu, su yi faɗa su shirya, su koyi cin nasara da shan kaye ba babba a tsakani. Ma'aunin awanni bai ga wannan ba.

Raba yaro da allo gaba ɗaya ma ba gata ba ne. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta, ɗan ƙauyen da bai taɓa latsa komai ba ya shiga ɗakin jarrabawa da rauni biyu. A wayar nan yake jin ƙira'a mai kyau, a cikinta ake sanar da ƙauye cewa an ga babura sun nufo. Inda tsorona yake shi ne abin da ke shigowa ba tacewa. 'Yan bindigar da suka hana shi fita suna TikTok su ma, suna baje kuɗi da makamai gaban kyamara. Yaran majigi sun kwaikwayi abin da suka gani a ƙyalle, yaran gidan kallo sun kwaikwayi Kanu. Ba dalilin da zai sa a ɗauka na yanzu sun bar kwaikwayo.

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, a 2025 kuma aka yi ta zaman sulhu da 'yan bindiga a Faskari da wasu maƙwabtanta. Ko tsaron ya dawo gobe, dandalin dare ba zai dawo yadda yake ba, malamai ba za su yarda ba, filin ma an gine. Abin da ya rage a hannu shi ne ɗan lokacin da ke tsakanin la'asar da magariba, da ranakun Alhamis da Juma'a da makarantun allo da yawancin Islamiyyu ke hutu, da filin makarantar firamare, wanda a garuruwa da yawa shi kaɗai ne bai zama fuloti ba. Hakimai, irin Kanwan Katsina da ke riƙe da Ƙetare da Sarkin Pauwa na Ƙanƙara, da dagatansu da masu unguwanni, suna da bakin da za su hana a yanka irin waɗannan filayen, kuma wannan aiki ne da ba ya jiran kasafin kuɗi daga Katsina.

Maza sun riga sun kama nasu rabon, duk yamma suna can suna tayar da ƙura a bayan ƙwallo. 'Yan mata ne ba a tanadar wa komai ba. Gaɗa ta koma abin da ake nunawa a ranar al'adu ta makaranta, a gidan biki kuma mai kiɗan lasifika ya karɓe filin. Yarinya 'yar shekara goma tana tsakanin aji da talla da wanke-wanke, in ta samu sarari sai ta jingina da kafaɗar uwarta su kalli waya tare. Islamiyyun da ke da katanga da malamai mata su ne suka fi kowa damar ware wa ɗalibansu mata rabin awa a tsakar makaranta, su yi tsallen igiya da 'yar gala-gala da gaɗarsu, ba namiji a wurin, ba dare, ba abin da wa'azi ya hana. Tsofaffin da suka iya waƙoƙin suna nan da ransu a cikin gidaje, wasunsu ma 'yan gudun hijira ne daga ƙauyukan da aka tasa, kuma ba wanda ya taɓa aika musu a ce su zo su koya wa jikokinsu.